Ya rage sitaci bai taɓa maganinsa ba: nazarin lamarin wani mai ciwon suga

An tsara lamarin nan ne daga irin abin da ke yawan maimaituwa a ɗakin duba masu ciwon suga, kuma alƙaluman majinyacin misali ne na yadda irin wannan jiki ke tafiya. Mutumin ɗan shekara 54 ne, direba, shekararsa 8 da ciwon suga nau'i na biyu. Nauyinsa kilo 96, tsawonsa mita 1.72. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya ba da kashi 8.9 cikin 100, alhali galibin manya ana so su sauka ƙasa da 7. Ƙodarsa lafiya lau, babu furotin a fitsarinsa, zuciyarsa ma ba a taɓa samunta da matsala ba.

Magungunansa su ne gindin labarin, don haka a riƙe su da kyau. Yana shan metformin miligiram 1000 sau biyu a rana, gliclazide miligiram 160 sau biyu, da empagliflozin miligiram 10 da safe. Na hawan jini kuwa lisinopril miligiram 20 da hydrochlorothiazide miligiram 12.5. An taɓa rubuta masa atorvastatin don kolestarol, ya sha na 'yan makonni ya watsar.

Abin da yake ci kafin ya sauya

Da aka zauna aka lissafa abincinsa na yini guda, shi kansa sai da ya riƙe baki. Da safe yanka huɗu na burodi, kusan giram 56 na kabohaidiret (sitaci da suga) ke nan, da shayi mai ƙaramin cokali uku na suga da ɗan madara, giram 18. Da rana dafaffiyar shinkafa giram 400, wadda kowane giram 100 nata ke ɗauke da kusan giram 28, ya zama 112, ga gwangwanin lemon kwalba mai giram 35. Da la'asar ayaba ɗaya, 25. Da dare taliya giram 300, kusan 85. Jimilla ta kai wajen giram 330.

Don a gane girman wannan adadi: duk jinin da ke yawo a jikin babban mutum, kimanin lita biyar, idan sugansa na kan 5 mmol/L (ma'aunin da na'urar gwaji ke nunawa), gulukos ɗin da ke cikinsa, wato sugan jini, bai wuce giram huɗu da rabi ba. Ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Mai lafiya na iya zuba giram 112 a ciki lokaci guda jikinsa ya shanye, saboda insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini, na fitowa da wuri kuma tsoka da hanta na amsa kiransa. Mai nau'i na biyu duka biyun sun yi rauni, insulin ya makara, jiki kuma ya yi kunnen ƙashi. Shi ya sa rage kabohaidiret ke aiki, kuma ba sabon tunani ba ne. Tun 1797 likitan sojan Birtaniya John Rollo ya bayyana yadda ya yi wa wani mai ciwon suga magani da abincin nama da kitse, kuma kafin a gano insulin a Toronto a 1921 taƙaita abinci shi ne kusan duk abin da likitoci ke da shi. A 2019 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta fitar da matsaya cewa rage yawan kabohaidiret shi ne tsarin cin abincin da ya fi samun hujja wajen saukar da sugan jini.

Masana sun raba matakan haka: ƙasa da giram 130 a rana shi ake kira ƙarancin kabohaidiret, giram 20 zuwa 50 kuma shi ne mai tsanani, wanda ke sa jiki ya koma ƙona kitse yana samar da sinadarin kiton. Mutuminmu na biyun ya zaɓa. Dare ɗaya ya sauko daga 330 zuwa kusan 30, ƙwai da nama da ganye kawai, bai shaida wa likitansa ba, kuma ya ci gaba da haɗiye magungunansa biyar cif kamar yadda ya saba.

Kwana huɗu na farko

Rana ta biyu da ta uku ya yi fama da ciwon kai da kasala, in ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi. Sikeli kuwa ya nuna ya zubar da kilo biyu, abin da ya ƙara masa ƙwarin gwiwa. Wannan kilo biyun yawancinsa ruwa ne. Jiki na ajiye suga a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kusan giram 100 a hanta da 400 a tsoka, kuma kowane giram na riƙe da kimanin giram uku na ruwa. In aka cinye ajiyar, ruwan ya bi fitsari. Ban da haka, idan insulin ya sauka ƙoda na sakin gishiri fiye da da, ruwa kuma ya bi gishirin. Sai ga shi yana shan magunguna biyu masu ƙara fitsari, hydrochlorothiazide da empagliflozin, a kan jikin da ya riga ya fara bushewa.

Rana ta huɗu, wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, yana tsaye a wurin ajiye motoci yana jiran lodi, gumi ya karyo masa har rigarsa ta manne da baya. Hannunsa na karkarwa, gabansa na faɗuwa, yana kallon mabuɗin mota a tafinsa ya kasa tuna inda zai sa shi. Ya ɗauka wahalar makon farko ce da ya ji ana faɗa, don haka ya ɓare dafaffen ƙwai ya ci, ya bi da gyaɗa. Babu abin da ya sauya. Wani abokin aikinsa ne ya ga fuskarsa ta yi fari-fari ya matsa masa ya gwada. Sau biyu 'yar takardar gwajin na suɓucewa daga yatsunsa kafin ta shiga na'ura. Lambar da ta fito 3.1 ce.

Duk abin da ya gaza 3.9 mmol/L, wato 70 mg/dL ga masu na'urar da ke lissafi da wannan ma'auni, faɗuwar suga ce. Ƙasa da 3.0 kuwa ƙwaƙwalwa ta fara rasa abincinta sosai. Maganinta giram 15 na suga mai saurin shiga jini: rabin gwangwanin lemon kwalba mai suga, ko ƙaramin cokali huɗu na suga a ruwa, ko ƙwayoyin gulukos. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai haura 3.9 ba a maimaita. Ƙwai da gyaɗa ba su da sugan da za su ba da, maiƙonsu ma sai ya rage saurin narkewar duk abin da aka ci bayansu. Wannan kuskure ya yi yawa a tsakanin masu ƙaurace wa sitaci, domin sun riga sun sa wa ransu cewa suga abokin gaba ne, sai su ƙi shi a daidai lokacin da shi kaɗai ne magani. Ya sha rabin gwangwani, bayan minti 15 ya koma 4.6. Bai ci wani abu mai sitaci a kai ba, kuma da la'asar ya sake faɗuwa zuwa 3.5.

Gliclazide ne ya jawo duka biyun. Shi da 'yan uwansa glibenclamide da glimepiride suna matsa wa fankiriyas, halittar da ke bayan tumbi, ta fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. An auna masa miligiram 320 a rana, wanda shi ne iyakar abin da ake bayarwa, don ya tari giram 330 na kabohaidiret. Yanzu insulin ɗin na fitowa bai tarar da komai ba sai ɗan cokali ɗayan nan da ke cikin jini. Hantar da za ta kawo ɗauki kuma ajiyarta ta yi ƙasa. Wannan dalilin ne ma ya sa allurar gulukagon, wadda ake yi wa wanda ya suma don faɗuwar suga, ba ta cika yin ƙarfi ga mai tsananin ƙarancin kabohaidiret ba, tunda aikinta shi ne ta sa hanta ta saki abin da ta ajiye. Da abin ya same shi yana kan titi da kaya, da maganar ta wuce ta mutum ɗaya. Direba mai shan irin wannan magani ya gwada kafin ya tada mota, ya kuma ajiye suga inda hannunsa zai kai ba sai ya sauka ba.

Abin da aka gani a asibiti

Washegari ya je asibiti da tashin zuciya da kasala. Hawan jininsa a zaune 104/66, da ya miƙe ya koma 92/60. Suga 6.8, lamba mai kyau a ido. Likitar da ta duba shi ba ta tsaya a nan ba. Jin yana shan empagliflozin kuma ya bar sitaci, ta sa aka gwada kiton a jini, ya fito 2.4 mmol/L.

Nan ne wurin da ya fi kowane hatsari a lamarin, kuma ya fi ɓuya. Magungunan rukunin SGLT2, wato empagliflozin da dapagliflozin da canagliflozin, suna sa ƙoda ta zubar da suga a fitsari. Sugan jini ya sauka, insulin ya ƙara sauka, hanta ta ƙara himma wajen narka kitse zuwa kiton. In aka haɗa da rashin kabohaidiret da bushewar jiki, kiton na iya taruwa har jini ya yi tsami, abin da ake kira kitoasidosis. A al'ada wannan cuta na zuwa da suga mai yawa ƙwarai, shi ne ke tona ta. Da waɗannan magunguna kuwa tana iya zuwa suga na daidai, na'urar gida ta nuna 7 ko 8 alhali mutum na kan hanyar ɗakin gaggawa. Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka tun watan Mayu na 2015. Alamominta su ne tashin zuciya, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, da gajiyar da ta wuce misali. Kiton ƙasa da 0.6 daidai ne, daga 1.6 zuwa 3.0 ga mai ciwon suga da ke jin ba daidai ba na bukatar likita a ranar, sama da 3.0 kuma gaggawa ce. An gwada tsamin jininsa aka tarar bai kai ga kitoasidosis ba tukuna. Ya zo a kan gaɓa.

Matakan da aka ɗauka a ranar su ne waɗanda ya kamata a ɗauka tun kafin ya taɓa farantinsa. An dakatar da empagliflozin, da gargaɗin cewa tasirinsa na ɗaukar kwanaki kafin ya bar jiki. An dakatar da gliclazide gaba ɗaya saboda ya faɗi sau biyu kuma tuƙi ne sana'arsa. Ga wanda bai riga ya faɗi ba, abin da aka saba shi ne a rage aƙalla rabi a ranar da za a fara sabon abincin, sannan a bi sahun gwaji. An cire hydrochlorothiazide aka bar lisinopril. Metformin ya zauna yadda yake, domin shi kaɗai ba ya jawo faɗuwar suga, aikinsa rage sugan da hanta ke fitarwa ne. An ce ya sha ruwa sosai, kada ya ƙaurace wa gishiri a waɗannan kwanaki, kuma ya maida kabohaidiret ɗinsa zuwa giram 100.

A kula, cire empagliflozin ba hukunci ne na kowa da kowa ba. Wannan rukuni na kare zuciya da ƙoda, kuma ga mai raunin zuciya ko wanda ƙodarsa ta fara zubar da furotin, amfanin maganin ya fi na tsananta abinci nesa ba kusa ba. Irin wannan mutum a bar masa maganinsa, ya rage sitaci daidai gwargwado ba tare da ya kai matakin kiton ba. Shi mutuminmu ba shi da ko ɗaya cikin biyun, shi ya sa aka karkata ta wannan ɓangare.

Sake farawa a kan giram 100

Bai ji daɗin wannan adadi ba, gani yake an mayar da shi baya. Amma daga 330 zuwa 100 ya riga ya zubar da fiye da kashi biyu cikin uku na kayan da jikinsa ke ɗauka. An raba masa su a kan yini maimakon ya tara su a cin abinci ɗaya. Da safe ƙwai biyu da tumatir da albasa, yanka ɗaya na burodin alkama mai dusa, da shayi ba suga, kusan giram 22. Da rana shinkafa giram 100 a sikeli, kifi, da kabeji ko wani ganye da zai cika rabin faranti, kusan 35. Da dare dafaffen wake giram 150 da kaza da ganye, kusan 25 in an cire faiba, wato zaren tsiro da ciki ba ya mayarwa suga. Ragowar kusan 20 na tsakani ne: yogot marar suga, ƙaramin lemon zaƙi ɗaya, da cikin hannu na gyaɗa.

Sikelin kicin ya fi duk wata shawara amfani a makonnin farko. Ranar da ya fara ɗora kwano a kai, ya danna ya koma sifili, ya zuba abin da idonsa ya ce masa giram 100 ne, sikeli ya nuna 190. Sai da ya riƙa kwashewa da cokali har abin da ya rage ya zama ɗan tudu a gefen faranti, bai kai dunƙulen hannunsa ba. Ido na ƙaryar awo, musamman idon da ya saba da cikakken faranti. Wani wurin da ake tuntuɓe shi ne bambancin ɗanye da dafaffe: giram 100 na ɗanyar shinkafa na da kusan giram 80 na kabohaidiret, dafaffiya kuwa 28, saboda ta sha ruwa. Lambar da ke jikin leda yawanci ta ɗanya ce. Haka ma rubutun jikin kwali ya bambanta da ƙasa: na Amurka yana haɗa faiba cikin jimillar kabohaidiret, na Turai da Birtaniya ya riga ya ware ta, don haka wanda ya sake cirewa ya cuci lissafinsa. Kayan da aka rubuta musu babu suga kuma a duba abin da aka zaƙaƙa su da shi, domin maltitol na ɗaga suga, ya kuma sa gudawa in an ci da yawa.

Sai gwajin kafin da bayan ci. Ya gwada kafin ya fara cin abinci, ya sake gwadawa bayan awa biyu da fara ci, ya rubuta abin da ya ci da nauyinsa. Manufar ita ce 4.4 zuwa 7.2 kafin ci, ƙasa da 10 bayan ci. Ba sai an yi wa kowane abinci kullum ba. Abinci ɗaya a rana, ana juyawa, ya isa ya zana hoton jiki cikin mako biyu. Littafinsa ya koya masa abubuwan da babu jadawalin da zai gaya masa. Shinkafa giram 100 da kifi da ganye ta kai shi daga 6.4 zuwa 8.9, ranar da ya ninka ta kuwa ya ga 12.1. Wake daga 6.6 zuwa 8.0 kawai. Kwanon hatsin oat da madara, wanda ya ɗauka abincin lafiya ne zalla, ya harba shi daga 7.0 zuwa 11.3, sai ya bar shi. Ya kuma lura cewa tafiyar minti goma sha biyar bayan abincin rana na rage wa lambar kaifi, domin tsokar da ke motsi na jan suga daga jini ko da insulin bai taimaka mata sosai ba.

Lambar safe ce ta ƙi sauka. Mako uku ana nan, ta rana da ta dare sun daidaita, amma yana tashi da 7.8 zuwa 8.2 duk da bai ci komai ba tun takwas na dare. Ya so ya soke waken dare. An ce ya sa agogo ya gwada ƙarfe uku na dare sau biyu, ya samu 6.1 da 6.3. Ashe ba abincin dare ba ne, ba kuma faɗuwar suga cikin barci ba ce. Gabanin asuba jiki na sakin sinadarin kotizol da na girma don shirin farkawa, hanta ta saki suga, kuma hantar da kitse ya taru a cikinta ba ta jin umarnin insulin na ta dakata. Wannan lamba sau da yawa ita ce ta ƙarshe wajen gyaruwa, kuma tana bin raguwar kitsen hanta ne, abin da kan iya ɗaukar watanni. Ba a sauya komai ba, aka ba ta lokaci.

Ƙananan matsaloli biyu sun biyo baya. Bayan gida ya yi tauri, saboda ruwa ya ragu kuma da farko ya cika nama ya rage ganye. Ƙarin ganye da wake da ruwa sun warware shi cikin kwanaki. Sai ido da ya riƙa gani dishi-dishi a mako na biyu da na uku. Idan sugan jini ya sauya da sauri, ruwan da ke cikin madubin ido na sauyawa, ganin mutum ya rikice na 'yan makonni. Kada a sayi sabon tabarau a wannan tsakani, domin awon ba zai tsaya ba. Amma an tura shi gwajin bayan ido duk da haka, kuma wannan ba abin sakaci ba ne: ga wanda suga ya riga ya taɓa jijiyoyin bayan idonsa, saukar HbA1c da sauri na iya tsananta lalacewar na wani lokaci kafin amfanin ya bayyana. Nasa ya fito lafiya.

Wata uku, wata shida

A wata na uku HbA1c ya sauko zuwa 7.1, da metformin kaɗai. Nauyi kilo 89. Hawan jini 126/78 da magani ɗaya. Tiraigiliseraid, kitsen jinin da ke bin yawan suga da sitaci, ya sauka daga 2.6 zuwa 1.4. Abu ɗaya ya tafi ta inda ba a so: LDL, kolestarol ɗin da ke toshe jijiyoyin jini, ya tashi daga 3.0 zuwa 3.7.

Dalilin na cikin tukunyarsa. Gurbin da sitaci ya bari ya cike shi da bota da kitsen nama da fatar kaza. Akwai masu cewa tashin LDL ba komai ba ne muddin suga ya sauka, kuma wannan magana tana cutar da mutane. Ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne suka fi kashe masu ciwon suga nau'i na biyu, kuma ɗan shekara 54 mai hawan jini ba shi da sararin yin caca da jijiyoyinsa. An sauya maiƙon ba tare da an taɓa adadin kabohaidiret ba: man zaitun a madadin bota, kifi sau biyu ko uku a mako, gyaɗa da fiya, nama marar kitse. An kuma dawo masa da atorvastatin miligiram 20, wanda dama ya cancanci sha tun da farko. A wata na shida LDL ya koma 2.1, HbA1c 6.6, nauyi kilo 86, lambar safe kuma ta sauka zuwa 6.5 da kanta.

A nan ya tambaya ko ya warke, ko zai iya ajiye metformin. Matsayar da manyan ƙungiyoyin ciwon suga suka cimma a 2021 ita ce ana cewa ciwon ya lafa idan HbA1c ya zauna ƙasa da 6.5 na aƙalla wata uku ba tare da shan wani maganin suga ba. Lafawa ake cewa, domin yana iya dawowa. Binciken DiRECT da Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin rage nauyi sun samu lafawa a shekara ɗaya, kuma cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86. Sai dai tsarin nasu na taƙaita kuzarin abinci ne gaba ɗaya, kuma mutanen da aka ɗauka ba su wuce shekara 6 da gano ciwon ba. Mutuminmu na da shekara 8, ya zubar da kilo 10, yana kan 6.6 da magani. Shawarar da aka yanke ita ce metformin ya zauna, a riƙa duba bitamin B12 lokaci-lokaci tunda daɗewa a kansa na rage shi. An kuma koya masa cewa duk ranar da amai ko gudawa suka hana shi riƙe ruwa, ya dakatar da metformin da lisinopril har sai ya koma ci da sha yadda ya kamata, don kare ƙodarsa, ya kuma sanar da asibiti.

Inda igiyar ta saki

Wata na takwas aiki ya kai shi doguwar tafiya ta makonni. Sikeli ya zauna a gida, littafin gwaji ya daina cika. Babu ranar da ya yanke shawarar komawa tsohon ci. Cokali ɗaya ne ya zama biyu, yanka ɗaya ya zama uku, lemon kwalba ya dawo don korar barci a hanya. A wata na tara HbA1c ya koma 7.2, kilo uku sun dawo.

Wannan ba baƙon abu ba ne, kuma bincike ya san da shi. Wani nazari da mujallar BMJ ta wallafa a 2021, wanda ya tattara gwaje-gwaje 23, ya samu cewa a wata shida kashi 57 cikin 100 na masu rage kabohaidiret sun sauka ƙasa da 6.5, idan aka gwada da kashi 31 na masu sauran tsare-tsare, amma zuwa wata goma sha biyu ratar ta ragu ƙwarai. Babban abin da ke cin ratar shi ne wahalar ɗorewa. Da ya tsaya a giram 30 na farko, da wuya ya kai ko wata uku, kuma faɗuwarsa da ta fi haka nisa. Gyaran da aka yi ƙarami ne. Ya koma awo na mako biyu don ido ya sake saituwa, ya zaɓi kwano ɗaya da ya san cikinsa giram 100 ne ya riƙa tafiya da shi, ya tanadi dafaffen ƙwai da gyaɗa da ruwa a mota, kuma aka yarda ya ɗaga iyakarsa zuwa giram 120 a ranakun tafiya maimakon ya karya ta gaba ɗaya.

Kada mai nau'i na ɗaya ya ɗauki wannan lamari a matsayin taswirarsa. Jikinsa ba ya yin insulin ko kaɗan, kuma ko bai ci komai ba ba ya barin allurar da ke riƙe shi yini da dare. Rage ta fiye da kima na kai shi ga kitoasidosis cikin awanni. Mai nau'i na biyu da ke allurar insulin shi ma sai an rage masa adadi a ranar farko, sau da yawa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, a ƙarƙashin idon likita. Mai juna biyu, da yaro mai tasowa, da wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci, tsananta ƙarancin kabohaidiret bai dace da su ba. Mai ciwon ƙoda kuma ba zai cike gurbin sitaci da nama yadda ya ga dama ba, domin ana so furotin ɗinsa ya tsaya wajen giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa a rana.

A wata na goma sha biyu HbA1c ɗinsa 6.7, nauyi kilo 86 da rabi, hawan jini 124/76. Yana kan metformin da lisinopril da atorvastatin, magani uku a madadin biyar na da, kuma bai sake faɗuwar suga ba tun ranar da aka cire gliclazide. An sa masa gwajin HbA1c bayan wata shida, gwajin ƙoda da fitsari da ido da ƙafa sau ɗaya a shekara, da sharaɗin cewa in furotin ya bayyana a fitsarinsa za a dawo da empagliflozin, kuma daga ranar ba zai sauka ƙasa da giram 100 ba.